Ƙara, ban ji ba

Shekarun baya, zamanin da soja ke riƙe da Sudan ni kuma ina ɗalibta a Khartum, na ɗora wa kaina wani aikin haɗa rediyo da ya kusa zautar da ni. Ɗazu na ga ɗana ya latsa wayarsa sau ɗaya, tashar wata ƙasa ta fito tar, shi ne abin ya faɗo mini a rai, na ce bari in ba ku labarin.

Ina da dangi a Umbadda, can yammacin Omdurman. Ƙanwar kakata ce ta wajen uwa. Tun tana yarinya iyayenta suka taho da ita a ƙasa za su aikin hajji, tafiya ta tsaya musu a Sudan, ta girma a can, ta hayayyafa, ba ta sake ganin gida ba. Ranar da zan taho mahaifiyata ta ja mini kunne a kan lallai in neme ta. Na neme ta kuwa, na same ta ta tsufa tukuf, idanu sun tafi, amma baki yana nan da kaifinsa. Jikokinta suna ce mata Habboba, ni ina ce mata Kaka, ita kuma tun ranar farko ta naɗa ni miji. Duk Juma'a in na tsallaka gada na isa gidan na yi sallama, sai in ji ta daga ƙarƙashin rumfa: "Ga angon nawa nan, ya zo hannu rabbana, ko ɓarin goro babu."

Ɗanta, wanda nake kira Kawu, makanike ne a Mantiƙa Sinaiya, unguwar garejojin Khartum. Mutumin kirki ne, amma yana da doka guda da ba ya ɗaga wa kowa ƙafa a kanta: Hausa ba ta fita ƙofar gida. A ciki a yi ta son rai, da zarar ka taka lungu sai Larabci. Da farko abin ya ba ni haushi, har na ce masa me ye abin kunya a harshenmu. Sai ya dube ni ya ce, "Ɗana, kai baƙo ne, gobe ka gama karatu ka koma baladinku, ƙasarku. Mu nan aka haife mu, amma in an ji harshen nan a bakinmu sai a fara tambayar daga ina kakanmu ya zo. Ka bar mu mu zauna lafiya da jiran." Maƙwabta yake nufi.

A cikin maƙwabtan nan akwai wanda ya fi tsoro, wani dattijo da katanga ɗaya ta raba gidajensu. Tsohon ma'aikacin gwamnati ne, kuma yana cikin kwamitin unguwa, su ne a lokacin ake tambaya game da kowane gida, wa ya shigo, wa ya kwana. Kullum yana cikin farar jallabiya da rawani, Larabcinsa tsaf. Kowace la'asar sai ya fito da kujera lungu, ya jingina da katangar gidan Kawu, yana jan carbi. Kawu ya riga ya yanke hukunci a ransa cewa kunne mutumin yake kasawa.

Kaka tana da wata 'yar rediyo da aka ɗaure murfin batirinta da roba. La'asar na yi za ta miƙe a kan angarib, gadon igiyar nan nasu, ta kamo sashen Hausa na tashoshin nesa, rabi magana rabi shuuu. Wannan ce hirarta. Jikokin in ta yi musu Hausa da Larabci suke amsawa, Kawu kuma sai magariba yake dawowa. To, rediyon ta mutu. Kawu ya kai ta gyara aka ce ta gama yawo, ya sayo wata, ita kuma banda ƙara babu abin da take kamowa. Kaka ta daina magana sai dole, abinci ma sai an matsa mata. Wata Juma'a na yi sallama, ta amsa a hankali, ba ta ce ga ango ba. Gabana ya faɗi sosai, domin na taɓa ganin yadda tsofaffi ke fara tafiya, da irin wannan shirun suke farawa. A hanyar komawa, ina tsaye a cikin bas, na yi wa kaina alkawari cewa sai matar nan ta sake jin Hausa a rediyo, ko da wayoyi za su kashe ni.

Abokina da muke ɗaki ɗaya, ɗan Nijar, shi ya kawo shawara. Ya ce akwatin nan da mutanen Sudan ke kira dijital, wanda ke kamo tashoshin talabijin ta faranti, akwai rediyo a cikinsa, maɓalli ɗaya ne a jikin rimot, kuma murya tana fitowa ba hayaniya. Ni ɗalibin fiƙihu ne, shi ɗalibin nahawu, a cikinmu babu wanda ya taɓa ɗaura ko ƙwan lantarki. Amma yadda ya yi bayanin da ƙarfin hali sai na ɗauka a gidansu ake ƙera abin. Muka karɓi tsohon akwati da farantinsa a hannun wani ɗalibi da ya gama zai tafi gida, muka shiga kasuwar Suk Libya muka nemo amfilifaya ta hannu da lasifika biyu, muka loda a keke mai ƙafa uku sai gidan Kawu.

Kawu ya zagaya kayan yana girgiza kai. Ya dubi mahaifiyarsa a kwance, ya dube ni, sannan ya kafa sharaɗi biyu. Faranti ba zai hau rufi ba, a ƙasa zai zauna inda ba a hango shi daga lungu. Na biyu kuma, "Ranar da sot ɗin nan, sautin nan, ya tsallaka katanga, halas, shi ke nan, da hannuna zan kwance shi. Ka ji ni?" Na ce na ji, Kawu. A raina ina cewa wannan ai mai sauƙi ne.

Juma'ar farko a rana muka ƙare ta. Mun dasa sandar farantin a cikin tsohuwar taya da siminti, abokina yana juya shi, ni ina tsugune gaban wata ƙaramar talabijin da muka aro, ina jiran alamar sigina. "Dama kaɗan! Koma! Ka wuce!" Haka na yi ta ihu har muryata ta dishe, ranar Omdurman tana gasa mana ƙeya. Sai da yamma muka lura ashe bishiyar dogon yaron da ke tsakar gidan ce ta tare mana sama. Siminti kuma ya riga ya kama. Haka muka ja tayar nan kamar masu jan mushen jaki zuwa ɗaya kusurwar, matar Kawu tana kallonmu ta taga tana danne dariya.

Mako na gaba sigina ta samu, sai rigimar wayoyi. Akwai ja da fari da rawaya, abokina ya rantse launi ado ne kawai. Muka cusa su inda muka ga dama, na kunna, amfilifaya ta saki wata ƙara da ta watsa kajin gidan, akuya ta tsinke igiya. Da muka gane ja na ramin ja, fari na ramin fari, rawaya kuma ta hoto ce ba ruwanta da murya, sai aka ɗauke wuta. Da aka dawo da ita akwatin ya yi zafi ya kashe kansa. Na ɗora shi a kan bulo kusa da randa don ya sha iska. Abokina ya fara kawo uzuri, wai yana da hadda. Ni kuwa na ƙi saki. Ina zana wayoyi a bayan littafin darasi, ina tsayawa shagunan masu gyara ina tambaya da guntun Larabcina suna yi mini dariya. Wata rana na iso na tarar da batirin mota da wata 'yar na'urar juya wuta a ajiye gefen rumfa. Kawu ne ya kawo daga gareji.

Ranar da abin ya yi, ba zan manta ba. Na latsa maɓallin rediyo, na bi jerin tashoshi ɗaya bayan ɗaya, Larabci, Faransanci, wani harshen da ban sani ba, kwatsam sai muryar wata mata ta cika tsakar gidan: "Assalamu alaikum jama'a masu saurare." Tar, ba shuuu, kamar tana zaune a bakin gadon. Kaka ta yunƙura ta gyara mayafi ta ce, "Wa alaikumus salam, shigo mana, a ba ta tabarma." Gidan ya kaure da dariya. Ni kuwa ƙwalla ce ta cika mini ido, na juya baya ina yi kamar ina gyara waya.

Ta saurara na ɗan lokaci, fuskarta ta saki. Sannan ta ce, "Ango, ƙara. Ban ji ba."

Na ƙara. Ta ce in ƙara. Na tuna sharaɗin Kawu, na fita lungu in gwada. Ai kuwa ga Hausa nan tana zubowa ta kan katanga, ga dattijon nan a kujerarsa, ido a lumshe, carbi ya tsaya a hannunsa. Na gaishe shi da Larabci, ya amsa ba tare da ya dube ni sosai ba. Na koma da sauri na rage. Kaka ta ce, "Ƙara, ban ji ba."

Daga nan aikin ya koma wani iri. Ana son murya mai ƙarfin da tsohuwa za ta ji, kuma mai sanyin da ba za ta haye katangar da tsawonta bai fi nawa da komai ba. Na sayo mata abin sawa a kunne, ta shafa shi ta jefo mini. "Ni ba jaka ba ce da za a ɗaura mini linzami. In an yi sallama wa zai amsa? In an kira salla fa?" Na tura lasifika ƙarƙashin angarib, ta ce igiyoyin suna rawa a bayanta kamar kuɗin cizo. Na ce mu koma ɗaki, ta ce in ina son gasa ta in bari sai ta mutu, kuma da gaskiyarta, babu mai zaman ɗaki da la'asar a garin nan. Kawu kuma duk Juma'a sai ya fita lungu ya kasa kunne, ya dawo ya ce, "Lissa, har yanzu ana ji. Saura kaɗan in kwance."

Na dage. Wani mai gyara ya gaya mini cewa kaurin murya ne ke ratsa bango, na rage shi daga jikin amfilifaya. Na juya lasifikan suka ba katangar baya. Na ɗaure ɗaya a jikin sandar rumfa daidai kan Kaka, na rataya tabarmi da tsohon bargo da wata katifar auduga a jikin katanga, tsakar gidan ya koma kamar wurin shanya. Na fita lungu na tsaya, shiru. Na manna kunnena da bango, shiru. Dattijon ya ɗago ya dube ni, wani irin kallo da na ɗauka na tuhuma ne. Na koma ciki ina tafiyar injiniya. A bakin gadon muryar ta isa ta tashi mai barci.

"Ƙara, ban ji ba."

Kuma a daidai lokacin ta ɗaga murya ta kira jikanyarta da Larabci, ta ce ta rufe gwangwanin sukari. Yarinyar tana can cikin kicin, a ɗaya ƙarshen gidan. Raina ya ɓaci. Na ce, "Haba Kaka! Kin ji murfin gwangwani daga can, amma wannan da ke kan ki ba ki ji ba?"

"Kunnen nawa ne ko naka?" in ji ta. Ta juya ta fuskanci katanga.

Ranar na tafi ba sallamar kirki. Na ce a raina tsufa ne, rikici ne, na yi iyakar ƙoƙarina. Amma shirun nan nata ya dawo, matar Kawu ta ce ko rediyon aka kunna ba ta kulawa. Juma'a na zagayowa sai ga ni a bas, da sabuwar waya a aljihu da sabuwar dabara a kai.

Ban kai ga gwada dabarar ba. Bayan la'asar, rediyo tana yi a hankali, Kawu yana shan shayi, sai aka ƙwanƙwasa ƙofa. Dattijon ne. Tun da suke maƙwabtaka bai taɓa shigowa ba sai da dalilin suna ko rasuwa. Kawu ya yi mini alama da ido, na kashe komai. Aka shiga gaisuwar mutanen Sudan mai tsawo, ana dafa kafaɗa, lafiya, Allah Ya yi albarka, lafiya, ya iyali. Aka ba shi kujera. Mutumin ya dubi farantin, ya dubi katifar da ke rataye a katanga. Ni dai na riga na fara lissafin yadda zan kwance kayana.

Sai Kaka ta yi wa dattijon magana daga kan gadonta, da Hausa, da ƙarfi: "Ɗana, ka gaji da zaman bayan katanga?"

Kawu ya daskare. Dattijon ya sunkuyar da kai, ya daɗe yana murza carbi. Da ya yi magana, kalmomin suna fitowa ɗaya-ɗaya, kamar ƙofar da ta shekara ba a buɗe ba. "Inna," ya ce, "an rage. Ba na ji."

Kawu ya ce da Larabci, "Kai ma?" Sannan ya juya ga mahaifiyarsa ya ce, "Inna, kin sani?"

"Tun shekarar da ya faɗo daga kan tsani yana gyaran indararo," in ji ta. "Ina nan zaune na ji abin da ya fito daga bakinsa. Wayyo Allah ya ce. Wanda aka goya da Larabci ba ya cewa wayyo. Ku masu ido kuna ta kallon rawaninsa."

Ashe mahaifiyar dattijon Bahaushiya ce, ta rasu yana saurayi. Da ya shiga aikin gwamnati sai ya binne harshen, ko matarsa da 'ya'yansa ba su taɓa jin sa a bakinsa ba. Tun ranar tsanin nan Kaka take ɗora 'yar rediyonta a kan bulo ta gefen katanga, ta ƙure murya, shi kuma ya fito da kujerarsa. Ba su taɓa yin maganar ba, shekara da shekaru. Ita ba ta tona shi ba ko ga ɗanta, shi ma bai taɓa godiya ba.

Sannan ta juyo inda take jin numfashina. "Kai kuma ango, ka zo da wayoyinka da katifarka ka toshe wa bawan Allah kunne. Ina ta ce maka ƙara, ƙara, kana ta shanya mini bargo. Wannan miji, Allah Ya sauwaƙe."

Dariya ta ƙwace wa dattijon, hawaye na bin gemunsa. Ni kuwa kunya ta rufe ni. Makonni na kwashe ina yaƙi da katanga, ashe mai sauraren da ake yi dominsa yana bayanta. Kawu ya ajiye kofi, ya tashi ya sauke katifar da tabarmin da hannunsa, ya ce mini, "Yalla, kunna."

Kada ku ɗauka komai ya canza daga ranar. Dattijon bai koma shigowa kullum ba, kujerarsa ya fi so, sai dai na juya lasifika ɗaya ta fuskanci katanga. Shi da Kawu in sun haɗu a lungu da Larabci suke gaisawa kamar da. Tsoron da ya shekara a jikin mutum ba ya fita a la'asar ɗaya, kuma ban ga laifinsu ba. Amma Kaka ta dawo da cin abincinta da tsokanarta, kuma ba ta sake ce mini ba ta ji ba.

A shekarata ta ƙarshe Allah Ya yi mata rasuwa. Aka kafa rumfar makoki a kan titi, maza cike, 'yan unguwa da abokan aikin Kawu da mutanen kwamiti. A can mai ta'aziyya yakan tsaya gaban mai rashi ya ɗaga hannu a karanta Fatiha, shi ke nan ya nemi wuri. Dattijon ya zo ya ɗaga hannu, suka shafa. Amma bai wuce ba. Ya riƙe hannun Kawu, ya ce da Hausa, da muryar da duk rumfar ta ji, "Allah Ya jiƙan Inna. Allah Ya ba mu haƙuri." Na ga Kawu ya dubi mutanen da ke zaune, hagu da dama. Sannan ya ce, "Amin. Mun gode, ɗan'uwa." Wannan ne karo na farko da na ji Hausa a bakinsa a wajen ƙofar gida.

Yanzu ni ma furfura ta fito, kuma kayan sauti sun zama abin wasan yara. Amma har yau in babba ya nace a kan wata buƙata da ban ga kanta ba, nakan yi jinkirin cewa rikicin tsufa ne. Na koyi cewa wani lokacin don wani yake roƙo, wanda ba zai iya roƙa da bakinsa ba. Kuma ina kewarta ƙwarai, har da zagin.

Kafin in baro Sudan, bayan an share makoki, na je yi wa su Kawu bankwana. La'asar ta yi, angarib ɗin yana nan a ƙarƙashin rumfa babu kowa a kai. Na ji ƙarar jan kujera a lungu. Na tashi na kunna akwatin, na kamo tashar. Babu wanda ya ce in ƙara, amma na ƙara.